Wace wayar shafa ce ta fi iya nuna hanya, Android ko iPhone?

Mai_Kai_Saƙo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin masana. Sana'ata kai kaya ce a mota, wuni nake ina bin taswira a waya, kuma wadda nake riƙe da ita ta gaji, batirinta ba ya kai ni yamma. Zan canza, sai dai mutane sun raba mini hankali. Wasu sun ce in sayi iPhone domin ba ta ɓatar da mutum, wasu sun ce ai Google Maps ɗan gidan Android ne, don haka a can ya fi aiki. Ni ba kyamara ta dame ni ba, ba kuma wasanni ba. Waya nake so wadda za ta kai ni inda za ni ko da sabis ya ɗauke a hanya, kuma in iya ganin fuskarta a tsakar rana. Wacce zan saya, wace manhajar taswira kuma zan sa mata?

Ɗan_Tuffa:
Wa alaikumus salam. Sayi iPhone ka huta. Duk abin da za a faɗa bayan wannan ƙarin bayani ne.

Direban_Dare:
Ɗan_Tuffa, ka dawo da tallar taka ke nan. Mutum ya yi tambaya mai rassa, ka sallame shi da layi ɗaya. Malam Mai_Kai_Saƙo, ni na riƙe duka biyun a bakin aikin tuƙi. Google Maps na kan iPhone da na kan Android daga rumbu ɗaya suke ɗebo taswira, kuma hanya ɗaya za su ba ka. Bambancin yana cikin kayan da aka zuba wa wayar. Sannan ka daina kallon Android a matsayin waya ɗaya. Akwai ta alfarma, akwai wadda aka zare mata abubuwa don ta yi sauƙi, duk kuma sunansu Android. Wanda ya riƙe ta ƙasa ya sha wahala sai ya ce Android ba ta da kyau, wanda ya riƙe ta sama ya ce babu kamarta, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa.

Kawu_Shakka:
Ni tsaya tukuna. Yaron nan ya ce "ko da sabis ya ɗauke". Ta yaya waya za ta san inda kake alhali babu sabis? Ni duk ranar da datata ta ƙare, taswirar fari take yi fat, sai ɗigo shuɗi a tsakiya yana kallona.

Injiniya_Ƙarami:
Kawu, ai wannan ɗigon da ya tsaya yana kallonka shi ne amsar. Abu biyu ake haɗawa wuri ɗaya: sanin inda kake, da kuma zanen titunan da za a ɗora ka a kai.

Na farkon aikin GPS ne, kuma babu ruwansa da data ko layin waya. Taurarin ɗan'adam ne na Amurka da ke zagaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200, an tsara su yadda aƙalla 24 za su kasance a bakin aiki. Kowanne yana ta aiko da saƙo: ga inda nake, ga kuma ƙarfe nawa. Wayarka saurare kawai take yi, ba ta mayar musu da komai. In ta ji guda huɗu, sai ta auna lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta fitar da inda take. Uku sun isa a gano wuri, na huɗun kuma don gyara agogon wayar ne, domin agogonta bai kai nasu daidaito ba ko kusa.

Abin da ke yin fari fat shi ne zanen titunan, shi ake saukowa da shi daga intanet kaɗan-kaɗan yayin da kake tafiya. In ka sauke yankin tun kana gida, ɗigon zai ci gaba da bin titi ko da ka cire layin gaba ɗaya.

Inda data ke taimaka wa GPS shi ne saurin kamawa. Waya na buƙatar jadawalin inda kowane tauraro yake a sama. In da intanet, nan take za ta sauko da shi. In babu, sai ta tsaya ta karɓa daga taurarin kai tsaye, su kuwa a hankali suke aiko shi, shi ya sa wani lokaci sai an ɗan jima a fili kafin ta gane kanta. Yanzu kuma ba na Amurka kaɗai ake saurare ba. Akwai GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin wanda aka kammala a 2020. Yawancin wayoyin yau suna haɗa su.

Kawu_Shakka:
To ashe ni da wayar muka raba laifi. Ita ta san inda nake, ni ne ban ba ta taswira ba.

Tsohon_Hannu:
Yaran zamani, ku da kuke ganin sauke taswira a waya sabon abu ne, Nokia ta yi shi tun kuna makaranta. Ta sayi Navteq, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin zana taswira na duniya, cinikin ya kammala a 2008. A watan Janairun 2010 ta mayar da jagorar murya a manhajar taswirarta, Ovi Maps, kyauta. Ka zuba taswirar ƙasa guda a memori, ka kashe data, ka kama hanya. A lokacin Google Maps in babu intanet ba ya tsinana maka komai, sai a 2015 ya fara jagora ba tare da intanet ba. Da Symbian, babbar manhajar wayoyin Nokia, ta mutu, taswirar ba ta mutu ba. Ta koma HERE, a 2015 kamfanonin motocin Jamus, Audi da BMW da Daimler, suka haɗu suka saye ta. Manhajarsu HERE WeGo tana nan a Android da iPhone, har yau kana iya sauke ƙasa sukutum. Mai_Kai_Saƙo, ka gwada ta kafin ka yanke hukunci.

Ɗan_Tuffa:
Baba Tsohon_Hannu, in Nokia ce gwanar, ina take yanzu? Lokacin da iPhone ta fito a 2007 da gilashin da yatsa ke shafawa, ka buɗe yatsu biyu hoto ya girma, su suna can suna ƙera wayar da sai ka danna da tsinke. Nokia 5800 ta 2008 ai da tsinkenta take zuwa.

Tsohon_Hannu:
Ɗana, tunda ka taɓo tarihi: iPhone ɗin 2007 da kake yabo ko GPS babu a cikinta. Sai iPhone 3G ta 2008 aka sa. Nokia N95 kuwa tun 2007 tana da shi. Ka yaba musu wajen gilashi, ban hana ka ba, amma maganar nuna hanya ake yi a nan.

MaiGyara:
Bari in shigo ta wajen gilashin nan, domin ya shafi mai tambaya fiye da yadda yake zato. Tsohon samfurin, wato na tsinke, leda biyu ne a jere da ɗan tazara a tsakaninsu. In ka danna suka haɗu, waya ta san wurin. Komai ka danna da shi yana yi: farce, murfin biro, safar hannu. Matsalarsa sai ka sa ƙarfi, haskensa dishi-dishi, kuma yatsa ɗaya yake ganewa. Na yanzu ba dannawa yake ji ba, canjin lantarki yake ji idan fatar yatsa ta kusance shi. Shi ya sa yake da santsin aiki, shi ya sa kuma safar hannu mai kauri ba ta yi, ɗigon ruwa ko gumi kuma yana rikita shi. Wanda ke fita daga mota da kaya a cikin ruwan sama ya san abin da nake nufi: ka taɓa nan, ta buɗe can.

Abin da na fi gani a teburina daga hannun direbobi ba taswira ba ce, zafi ne. A manna waya a gilashin gaba, rana na dukanta, hasken fuska a ƙure, GPS na aiki, ga caja a jiki. Apple da kansu sun ce wayarsu an yi ta ne don aiki tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salshiyos. In ta wuce haka sai ta rage haske da kanta, ta daina karɓar caji, wani lokaci ta ce sai ta huce. Na Android ma haka suke yi. Bayan watanni sai a kawo mini ita batiri ya kumbura, ya ɗago murfin baya har kana iya zura farce. Ka nemi mariƙin da ake maƙalawa a bakin iskar esi, kuma ka yi caji da igiyar caja, ba irin na ɗorawa ba, domin na ɗorawa ya fi kawo zafi.

Mai_Kai_Saƙo:
Malam MaiGyara, kamar kana cikin motata. Daidai lokacin da rana ta take, lokacin fuskar ke yin duhu. Na ɗauka tsufa ne.

MaiGyara:
Tsufa na iya ƙarawa, amma kare kanta take yi. In za ka duba sabuwa, kada lambar hasken da aka rubuta a kwali ta ruɗe ka. Babbar lambar nan yawanci ta ɗan wuri ce a fuskar, na ɗan lokaci kuma. Ka fita da ita rana, ka buɗe taswira, ka gani da idonka.

Uwar_Biyu:
Ni dai shawarata ka guji taswirar Apple. Ba ta aiki in babu intanet, kuma ita ce aka ce ta taɓa ɓatar da mutane a daji.

Ɗan_Tuffa:
Anti, labarinki ya kwana biyu. Tun iOS 17, babbar manhajar iPhone da ta fito a 2023, ake sauke taswirar Apple a yi tafiya da ita babu intanet.

Injiniya_Ƙarami:
Kowannenku yana da rabin gaskiya. Maganar daji ta faru: Apple ya fito da taswirarsa a 2012 tare da iOS 6, ya cire ta Google daga wayar, kuma ta zo da kurakurai har shugaban kamfanin, Tim Cook, ya fito ya ba da haƙuri a rubuce. A watan Disambar shekarar 'yan sandan Ostareliya suka gargaɗi direbobi saboda taswirar ta ajiye garin Mildura a tsakiyar wani gandun daji, kusan kilomita 70 daga inda yake. Amma an gyara abubuwa da yawa tun daga lokacin, kuma Ɗan_Tuffa ya yi daidai game da 2023. Abin lura ga mai tambaya shi ne ingancinta ya danganta da ƙasar da kake. A inda kamfanin ya zuba ƙarfi tana da kyau ƙwarai, a wasu wurare kuma shaguna da ƙananan layuka sun fi cika a ta Google. Sannan a iPhone kana da zaɓin duka biyun, a Android kuwa babu manhajar taswirar Apple.

Ɗan_Tuffa:
Kun ji ko? A iPhone kana da duka biyun. Na gode Injiniya.

Direban_Dare:
Kada ka yi saurin godiya, bai gama da kai ba.

Hajiya_Matafiya:
Sannunku da muhawara. Akwai abin da ba a faɗa ba game da sauke taswirar Google, kuma yana da muhimmanci. In ka sauke yanki ka kashe data, hanyar mota kawai za ta ba ka. Ba ta ba da hanyar tafiya a ƙafa, ko ta keke, ko ta jirgin ƙasa da bas, kuma ba za ta nuna maka cunkoso ba. Yankin da ka sauke ma yana da wa'adi, in ba a sabunta shi ba yana ƙarewa. Ga mai kai kaya a mota wannan ya wadatar. Ni da nake yawan sauka a baƙon gari ina yawo a ƙafa, Organic Maps nake ajiyewa a gefe. Kyauta ce, ba talla, tana da sauƙi, kuma ƙananan hanyoyin ƙafa da matattakala da wuraren tsallaka titi suna fitowa a cikinta. Mijina OsmAnd yake so, ni kuwa maɓallanta sun yi mini yawa, sai ka ce gaban matuƙin jirgin sama.

Ɗalibar_Taswira:
Hajiya, duka biyun da kika ambata daga OpenStreetMap suke sha. Taswira ce ta sa-kai, Steve Coast ya kafa ta a Ingila a 2004, kowa na iya buɗe asusu ya zana titi ko ya gyara suna. A nan ne nake ganin tambayar Malam Mai_Kai_Saƙo ta ɗan karkace. Babu manhajar da ta fi kowacce a ko'ina. Manhaja tana bin abin da aka zana mata ne. In titin da kake bi ba a shigar da shi ba, ko an mayar da shi hanya ɗaya ba a gyara a taswira ba, ko wayar da ta fi kowacce tsada ka riƙe za ta kai ka inda ba shi ba ne, kuma da cikakken ƙarfin gwiwa.

Gwajin da ya fi kowane sharhi amfani shi ne wannan: ka zaɓi wurare kaɗan da ka sani kamar tafin hannunka, musamman masu wuyar kwatance, ka neme su a Google Maps da HERE WeGo da Organic Maps tun a tsohuwar wayarka. Ka duba wacce ta san layin, wacce ta san ƙofar shiga tana baya, wacce ta bi da kai ta hanyar da ɗan gari zai bi. Wadda ta ci wannan jarrabawa ita ce taka, kuma duk ukun suna nan a Android da iPhone.

Sannan ga masu karɓar kaya a wurin da babu lambar gida, ka koya musu turo maka wurinsu kai tsaye daga waya, ko Plus Code, ɗan gajeren haɗin haruffa da lambobi da ke nuna wuri daidai. Ya fi "in ka wuce gini mai launin kaza ka yi hagu".

Direban_Dare:
Ƙanwata ta yi magana. Amma ni aikina lokaci ne, don haka cunkoso ya fi damuna da sunan layi. A nan Waze nake buɗewa. Direbobi ne ke faɗa wa juna: ga haɗari a gaba, ga rami, ga motar da ta mace a tsakiyar hanya. Kamfanin Isra'ila ne asalinsa, Google ya saye shi a 2013, amma an bar manhajar daban. Aibinta biyu. Sai da data, ba a sauke mata yanki irin na sauran. Kuma in direbobin garin ba sa amfani da ita, babu wanda zai faɗa maka komai, ta zama taswira kawai. Na uku ma, in an yarda in ƙara, tana son yanke: don ta rage maka minti biyu sai ta cusa ka cikin lungun da motar kaya ba za ta iya juyawa ba.

Kawu_Shakka:
To su kuma ta yaya suke sanin akwai cunkoso? Kyamara suka kafa a kowane titi?

Injiniya_Ƙarami:
Mu ne kyamarar, Kawu. Wayoyin da ke kan titin suna aika saurin tafiyarsu, in aka ga da yawa sun taru suna rarrafe sai a shafa wa titin ja. A 2020 wani mai fasaha a Balin ta Jamus, Simon Weckert, ya zuba wayoyi 99 a ƙaramin amalanke, duk da Google Maps a buɗe, ya riƙa jan su a hankali a titin da babu kowa. Taswira ta nuna cunkoso ya kafe.

Uwar_Biyu:
Wannan shi ne abin da ke ɗaga mini hankali. Ɗazu an ce waya saurare kawai take yi, ba ta aika komai, yanzu kuma an ce tana aika saurin tafiyata. Wanne za mu ɗauka?

Injiniya_Ƙarami:
Duka, Anti. Taurarin ne ba ta aika wa komai. Amma bayan ta gano inda take, manhajar da kika ba izini tana iya aika wannan bayanin ta intanet zuwa kamfaninta. Shi ya sa izini yake da muhimmanci. Tun iOS 14 a 2020, da Android 12 a 2021, kina iya ba manhaja wurinki na kusa-kusa maimakon na daidai, kuma kina iya cewa sai lokacin da kike amfani da ita kawai. Taswira na buƙatar na daidai, wannan dole ne. Manhajar tocila ko ta wasan yara kuwa ba ta da hujjar sanin inda kike kwana. Wanda ba ya son a bi sawunsa ko kaɗan, irin su Organic Maps da Hajiya ta ambata ba sa tara bayanin tafiya, amma farashin hakan shi ne babu labarin cunkoso.

Uwar_Biyu:
To ni na zaɓi in zauna a cunkoson.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a, mun yi nisa. Bawan Allah waya yake son saya, mun kai shi Balin da Ostareliya. A dawo kan tambayarsa don Allah.

Mai_Kai_Saƙo:
Ranka ya daɗe, bar su, ina ƙaruwa. Amma ga wani abu da nake son a warware mini kafin in sayi wata. A wayata ta yanzu, in na fito daga mota zan ƙarasa a ƙafa, kibiyar ba ta nuna inda na fuskanta. Sai na yi tafiya mai ɗan nisa sannan ta juya, wani lokaci in tarar baya nake yi. A tsakanin dogayen gine-gine kuma ɗigon tsalle yake yi, ya ajiye ni a layin da ba shi nake ba. Wannan laifin Android ne ko na manhajar?

MaiGyara:
Ba na ko ɗaya ba. Na farkon alamar wayarka ba ta da kamfas, wato ɗan abin da ke jin maganaɗisun ƙasa ya san arewa. Ƙananan wayoyi da yawa ba a sa musu shi, don a rage kuɗin ƙira. GPS ya san inda kake, amma bai san ina ka fuskanta ba sai ka motsa. A mota ba za ka lura ba, tunda gudu kake, sai ka sauka. In kuma tana da shi amma yana ƙarya, ka riƙe ta ka zana lamba 8 a iska sau da yawa, yana daidaita. Mariƙin waya mai maganaɗisu ma yana ruɗa shi. Duk iPhone ɗin da za ka samu yau tana da kamfas. A Android sai ka karanta jerin kayan cikinta ka tabbata, kada ka ɗauka dole yana nan.

Injiniya_Ƙarami:
Na biyun kuma gine-ginen ne. Saƙon tauraro yana dukan bango ya dawo kafin ya iso wayar, sai ta ɗauka ya yi tafiya mai nisa fiye da gaskiya, lissafi ya goce. Maganinsa, ko in ce mai rage shi, waya mai sauraron saƙon taurarin a zango biyu, kamar tashoshin rediyo biyu, ana kiran su L1 da L5. Xiaomi Mi 8 ta 2018 ce ta fara shigo da shi, Apple kuma ya sa a iPhone 14 Pro a 2022. To Ɗan_Tuffa, ga inda Direban_Dare ya ce ban gama da kai ba: shekara huɗu Android na da shi kafin ku, kuma a shekarar ma iPhone 14 da ba Pro ba ba ta samu ba.

Ɗan_Tuffa:
Ba wanda ya riga ba, wanda ya iya. Kuma tunda ana tone-tone, a faɗi maganar sabuntawa mana. iPhone 6s ta fito a 2015, ta ci gaba da karɓar sabuwar babbar manhaja har iOS 15 a 2021. Wace Android ta wancan zamanin ta ga haka? Wanda zai riƙe waya don sana'a yana son wadda ba za a yi watsi da ita ba bayan shekara biyu.

Direban_Dare:
Wannan kam ka faɗi gaskiya a kan da. Amma yanzu Pixel 8 ta 2023 da Galaxy S24 ta 2024 an yi musu alkawarin shekara bakwai. Matsalar tana ga ƙananan, wasu sabuntawa ɗaya ko biyu suke gani shi ke nan. Akwai kuma wata ɗabi'a da ke ba ni haushi a wasu wayoyin Android: don a ce batirinsu na daɗewa, sai su riƙa kashe manhajar da ke aiki a bayan fage. Ka karɓi kira, ka dawo, ka tarar jagorar ta tsaya. Ana gyarawa, ka shiga saitin batiri ka cire manhajar taswirar daga cikin waɗanda ake takurawa, amma sai wanda ya sani.

Hajiya_Matafiya:
A ƙara da gargaɗi ɗaya. In Huawei ta burge ka, ka sani tun takunkumin da Amurka ta sa musu a 2019 sababbin wayoyinsu ba sa zuwa da manhajojin Google. Suna da tasu taswirar, Petal Maps. In aikinka ya rataya a kan Google Maps, ko manhajar kamfanin da kake kai wa kaya tana dogara da shi, ka bincika kafin ka biya.

Tsohon_Hannu:
Allah sarki Windows Phone, manhajar waya ta Microsoft. Wayar Lumia da ke aiki da ita tana da HERE a cikinta, taswira kyauta babu intanet, ga fuska mai kyau a rana. Rashin manhajoji ya kashe ta, a ƙarshen 2019 Microsoft ya rufe babin. Shi ya sa yau muke ta gardama a kan biyu kacal.

Ɗan_Tuffa:
Baba, a yi haƙuri, a bar matattu su huta.

Mai_Kai_Saƙo:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Abin da na rubuta a takarda: kamfas, zango biyu in ya samu, haske a rana, babban batiri, shekarun sabuntawa. Taswira kuma zan gwada ukun da Ɗalibar_Taswira ta ce tun yau. Amma har yanzu ban ji wanda ya kayar da wani tsakanin Android da iPhone ba. Kuma ta yaya zan tabbatar waya na da zango biyun nan, tunda ba kowane kwali ke rubutawa ba?

Injiniya_Ƙarami:
A Android akwai manhaja kyauta mai suna GPSTest. Ka fita fili ka buɗe ta, za ta jero maka taurarin da wayar ke ji, da tutar ƙasar kowanne, da zangon da take kamawa. In ka ga L5, ko E5a a layin Galileo, to tana da shi. A iPhone babu irin wannan, domin Apple ba ya buɗe wa manhajoji bayanin taurarin, sai dai ka karanta shafin bayanan samfurin a wurinsu.

Direban_Dare:
Ni a matsayinka Android mai matsakaicin ƙarfi zan ɗauka, mai babban batiri, ragowar kuɗin in sayi mariƙi mai kyau da caja ta mota. Wayar aiki faɗuwa take yi, gilashi fashewa yake yi.

Ɗan_Tuffa:
Ni kuma iPhone ta hannu mai lafiyayyen batiri. In ka tashi sayarwa ma ba za ka yi kuka ba.

Ɗalibar_Taswira:
Malam Mai_Kai_Saƙo, motar taka tana da fuska a gaba? In tana karɓar Android Auto ko CarPlay, rabin maganar haske da zafin nan ta faɗi, domin wayar na iya zama a inuwa taswira na fitowa a fuskar motar. Wasu motocin ɗaya kawai suke karɓa, ka duba littafinta kafin ka zaɓi ɓangare.

Mai_Kai_Saƙo:
Ƙanwata, motar nan rediyo ma sai an ɗan buge shi yake kamawa.

MaiGyara:
To mariƙin bakin esi ke nan. In esin ma ba ya aiki, ka maƙala ta ƙasa da gilashi inda rana ba ta kai wa, kuma ka cire mata riga mai kauri lokacin tuƙi.